Malam Taga da Mangwaron Innata

Taubashina mai zanen gidaje ne. Malam Taga nake ce masa, domin ko akurkin kaji ya zana sai ya yi masa taga goma, wai iska ta wuce.

Da innata za ta gina shago, ta ce a sare mangwaron da ke tsakiyar filin. Sai ya rungume bishiyar kamar ya ga uwarsa.

"Gwaggo, wannan ce fankarki, kuma ba ruwanta da ɗauke wuta."

"Ɗan nan, taurin kai gare ka," in ji ta.

Haka ya zagaye bishiyar da gini. Yanzu in rana ta take, masu sayayya har gyangyaɗi suke yi a shagon don sanyi. Inna kuwa kowa ya shigo sai ta ce ai dabararta ce.