Ranar da Na Share Furojet ɗin Malama

A shagon buga takardu da na yi aiki a Samaru, kwamfutar ba ta yarda da ni ba. Abu kaɗan sai ta ce ba ni da izini. Oga kuwa kullum yana Sabon Gari sayen takarda da tawada, ni kuma jira ba halina ba ne. Da na ishe shi da kira, ya rubuta mini lambar sirrinsa a bayan kalanda, ya koya mini kalma guda, sudo. In na sa ta gaban umarni, kwamfutar sai ta ɗauka shi ke magana.

"Don firinta kawai fa," in ji shi.

Kafin sati na fara sa ta a komai.

Ɗalibai a kwamfutarmu suke barin furojet ɗinsu na kammala karatu, wai filas, ɗan abin ajiyar da ake soka wa kwamfuta, na kwaso cuta. Lokacin duk sun buga sun karɓe, saura wata malamar firamare mai ƙaro karatu daga Palladan, uwar 'ya'ya uku. Litinin za ta miƙa nata, kuma ba ta da shi a ko'ina sai wurinmu.

Ranar Alhamis kwamfutar ta ce wuri ya cika, ga layi har ƙofa. Na buga umarnin share tarkace yadda na ga Oga yana yi. Ta ƙi. Na yi tsaki, na sa sudo, na danna.

Ko tambayata ba ta yi ba. Ashe ba a ma'ajiyar tarkace nake ba, a ta ɗalibai nake. Na buɗe, wayam. Na leƙa kwandon sharar kwamfutar, babu komai. Na kira Oga.

"Ke! Da sunana kika share? Ai ba ya dawowa. Ni kwamfutar ba ta yi mini gardama."

Da la'asar Malama ta shigo. "Ƙanwata, buga mini babi na biyar."

Na faɗa mata kai tsaye. Ta zauna a benci, ta daɗe tana kallon allon. Wallahi na fi so ta zage ni. Can ta zaro tsohon bugu daga leda, duk jan biron malaminta.

"Babi huɗu ke nan. Na biyar yana kaina. Jawo kujera."

Kwana huɗu tana faɗa ina bugawa, ranar Lahadi ma daga coci nan ta zarto. Litinin ta miƙa.

Ran nan na ce wa Oga ya canza lambar, kuma kada ya gaya mini.