Turaren wutana a bututun Lawban

Ku da kuka san Yaya Tanko kun san zoben azurfar nan nasa. Ba don ado yake sa shi ba, ƙwanƙwasa kayan mutane yake yi da shi. Tukunya ce, fanka ce, sai ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya ce, "Bai mutu ba, suma ya yi." Ko Guangzhou bai taɓa kiranta da sunanta ba. Gwanjo yake cewa, wai garin ya dace da shi.

Shi ya kai ni can shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik, in riƙa yi wa 'yan kasuwarmu tuwo. Ya kama mana tsohon gida a wani ƙauye bayan filin jirgin Baiyun, wurin wata tsohuwa 'yar China da muke ce wa Lawban, wato mai gida. A gas nake girki, masu ci suna ta tsegumi: "Hajiya Ladi, miya ta yi, amma tuwon ba ya ƙamshin itace." Ni da na tsufa a gindin murhu!

A kicin ɗin kuwa akwai murhun bulo na kakannin Lawban, duk ya tsattsage, da bututun hayaƙi da ya fasa rufi ya fita. Yaya ya ƙwanƙwasa murhun, ya ce, "Wannan kam ya mutu." Ya ƙwanƙwasa bututun, fuskarsa ta washe. "Wannan suma ya yi!"

Ya yanka tsohon duro ya yi murhun ƙarfe da zai haɗa da bututun, ya tara katakon akwatunan kaya. Alhaji Isyaku mutumin Kumasi, mai yi mana tafinta, ya ce, "Alhaji Tanko, ka sayi sabon bututu ka fitar ta taga mana."

"Isyaku, wanda ya tarar da rijiya a gida ya kama haƙa wata, a kai shi asibiti."

Lawban ta yarda a rushe murhun, amma ta kafa sharaɗi: hayaƙi ya ɓata mata bango, mu kwashe kayanmu. Ga azumi ya ƙarato, ga mutane sun sa rai da buɗa-baki a wurina. Ta kuma ce kada a taɓa wata jar takarda mai hoton dattijo da ke manne a jikin bututun. Yaya da son jin ƙwaƙwaf, sai da ya tambaya. Isyaku ya ce a wurin 'yan China dattijon ne ke tsaron murhu, ƙarshen shekara ya bi bututun ya kai rahoton mutan gida sama, shi ya sa suke shafa masa zuma a baki.

Yaya ya riƙe haɓa. "Zuma? Ikon Allah! Mu namu masu rubutun a kafaɗa suke, kuma ba sa karɓar zuma."

Ranar gwaji ya ji tsoron kunna itace, kada hayaƙi ya dawo. Sai ya faki idona ya ɗauke kwalbar turaren wutana, na Maiduguri, wanda nake ɓoyo don Sallah, ya juye a garwashi. Wai in ya dawo, ƙamshi ne.

Ai kuwa ya dawo! Kicin ya turnuƙe, muna tari, ina cewa, "Yaya, ka kashe ni!" Sai ga Lawban a bakin ƙofa. Na ce shi ke nan, mun tashi. Ta dubi hayaƙin yana lulluɓe jar takardarta, ta dubi Yaya a durƙushe yana fifita garwashi, sai ta haɗa hannuwa tana sunkuyawa: "Sheshe, sheshe!" Godiya take yi. Ta zaci dattijonta yake yi wa turare!

"A'uzu billahi! Ladi, gaya mata gwaji nake yi!"

"Da wane bakin? Kai ka ɗebo, kai za ka sauke."

Don murna ta miƙa hannu bayan bututun, ta zaro wani faifan ƙarfe da ta toshe shi da shi saboda ɓeraye. Hayaƙi ya yi sama, fuu! Ashe tun farko ta sani, kallonmu kawai take yi.

Yaya bai ko kalli bututun ba. Ya fita ba takalmi ya jawo Isyaku, ya ce a faɗa mata gaskiya ko da za ta kore mu. Na ce, "Yaya, kicin ɗina fa!" Ya ce, "Ladi, da in ci tuwo a kan wannan zaton, gara in yi buɗa-baki da ruwa."

Lawban ta saurara, ta yi dariya har da hawaye. Ta ɓamɓare takardarta a hankali ta tafi da ita gidanta, wai dama dattijon ba ya jin Hausa, me zai kai sama?

A wannan murhun na tuƙa tuwon azumin nan duka, kuma kullum sai Yaya ya kai wa Lawban nata da hannunsa.

Allah ya jiƙan Yaya Tanko, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya sa wutar da ya hura mana a duron nan ita ce iyakar wutar da zai gani. Amin.