Abin da Mai Hoton Ciki Bai Duba Ba

A makarantar mishan aka koya mini cewa sauti yana iya zama ido. Malaminmu Bature ne da ya yi aiki a jirgin ruwa lokacin yaƙi. Yakan tsayar da mu gaban dutse mu tafa, mu saurari amsa-kuwwa. Ya ce haka jiragensu ke aika ƙara cikin teku, ta dawo ta gaya musu zurfin ruwa da maɓoyar maƙiyi. Wadda duk ta ce "ina tsammani" a ajinsa, ranar ba ta da hutun tara.

Daga wannan ilimi aka samo na'urar hoton ciki. Allah Ya ja kwanana na ga hannun da ta faɗa.

Jikanyata da ke aure a Mabai cikinta ya tsufa, tana kukan nauyi a gefe guda. Na raka ta, ita da mijinta, wani shagon hoton ciki a Ƙanƙara, tsakanin mai cajin waya da mai faci. Mai shagon, sanye da farar riga mai dauɗar wuya, ya goga mata na'urar kamar mai shafa wa burodi bota.

Mijin ya ce, "Mi ka gani?"

"Namiji ne, Alhaji. A fara ba rago dussa."

Na ce, "Ina kan jaririn ya fuskanta? Ina mabiyiya take?"

"Hajiya, ba a cika tambayar wannan ba."

"Ba a tambaya, ko ba ka sani ba?"

Mijin ya yi dariya. "Haba Kaka, ku da mi aka duba ku a zamaninku?"

Na ce, "Da mutanen da ke jin kunyar faɗin abin da ba su sani ba."

Washegari na ɗauke ta zuwa babban asibiti, ba tare da na nemi shawarar kowa ba. Likitar ta duba a tsanake, ta ce jaririn a gicciye yake. Da a ce naƙuda ta same ta a ƙauye, sai dai wani ikon Allah. Aka riƙe ta, aka yi mata aiki. Ta tashi lafiya da ɗiyarta mace.

Har yau mijin bai yafe wa mai shagon ba. A kowace majalisa sai ya ba da labari, yana huci: mutumin ya ce masa namiji ne.