Inna Asabe, Wadda Ta Hana Mu Tsayawa Kallo

Ina kasuwar Kado ina kankare kifi wayata ta yi ƙara. Bashir ne, babban ɗan Inna Asabe. Ko gaisuwata bai amsa ba, ya ce, "Anti Hajara, Inna ta rasu." Na yi salati, na zube a ƙasa cikin ruwan kifi, ban ma san na zauna ba.

Inna Asabe tsohuwar nas ce, mutuniyar Zariya, ta yi ritaya a nan Abuja. Shekarar da rikici ya koro mu daga garinmu muka yada zango a Kuchigoro, ita ce ke shigowa tana jan ƙafarta mai ciwo, tana bin rumfunanmu. Ba ta da wani maganin kirki a jakarta. Koyarwa ta kawo mana.

'Yata Maryam ba ta fara tafiya ba lokacin da ƙwallon dabino ya maƙale mata a wuya. Kukanta ya ɗauke, leɓɓanta suka soma baƙi. Mata suka kewaye ni, wannan ta ce a ɗura mata ruwa, waccan ta ce a zura yatsa. Ni kuwa ihu kawai nake, ina kiran sunan mahaifinta da muka binne a gida. Inna ta ratso taron ta fizge Maryam. Ta kifa ta a kan hannunta, kai ya yi ƙasa, ta riƙa dukan tsakanin kafaɗunta da tafi. Ina cewa, "Inna, za ki kashe min ita!" Ko kallona ba ta yi ba. Sai ga ƙwallon ya faɗo, Maryam ta tsala kuka.

Nan take ta miƙo min filo a madadin yarinyar. Ta ce, "Share hawayenki, yi yadda na yi in gani."

Haka ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, da faɗa da komai, don Inna ba ta iya lallashi ba. Wanda ya ƙone, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi, ban da manja, ban da ƙwai. Idan jini na zuba, a danne da tsumma mai tsabta, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. Ta taɓa ƙwace cokali daga hannun wata tsohuwa da ke shirin cusa shi a bakin yaro mai jijjiga, ta kwantar da yaron ta gefe. Takan ce, "Hawaye ba ya tsayar da jini." Takan kuma ce, "Ihu yana da lokacinsa, a fara sa hannu tukuna."

A gidan makoki Bashir ya ba ni labarin yadda abin ya faru. Tana bakin titi tana jiran mota, rana tsaka, ta yanke jiki ta faɗi. Mutane suka taru. Wani ya watsa mata ruwan leda, wasu suka ɗaga waya suna ɗauka, wasu suka ja baya don tsoron kada 'yan sanda su riƙe su. Ba wanda ya durƙusa ya duba numfashinta, balle ya danna mata ƙirji. Kafin wani direba ya tausaya ya kai ta asibiti, rai ya yi halinsa.

Na san kwana idan ya ƙare ba makawa, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma tun ranar ba na iya cin abinci. Da ma ni ce a bakin titin nan! Yanzu matan Kuchigoro ni suke kira idan yaro ya faɗi, ni da ban san rabin abin da ta sani ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Asabe, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta. Ka sa numfashin duk yaron da ta ceta ya zame mata nauyi a mizani. Ka ba Bashir da ƙannensa haƙurin wannan rashi, mu kuma Ka ƙarfafa hannayenmu. Amin.