Ruwan Maraba daga Tafkin Fakku

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina malamin hakimi a Tambuwal, aka turo mana Turawa biyu masu taimakon haƙa rijiyoyi, kowanne daga ƙasarsa. Aikina in daidaita su da gwamnati kan wurin haƙa. Dukansu suka kafe sai Dogon Daji, don mota na shiga har kasuwa. Na ce Dogon Daji na da rijiyoyinta, mutanen Fakku ne ke shan taɓo. Suka ce hanyar Kebbe, wadda ake bi zuwa Fakku, ba ta biyuwa. Raina ya ɓaci, amma na danne.

Na tura mai doki ya ciko mini salka a tafkin Fakku. Ranar taro, kamar yadda ake tarbar baƙo, na zuba a ƙwarya, na miƙa wa wanda ya fi taurin kai. Ya leƙa, ya ga ruwa jawur, tsutsotsi na yawo.

Ya ce, "Malam, wannan fa?"

Na ce, "Ruwan maraba ne, ranka shi daɗe. Shi Fakku ke sha. Bismillah."

Bai sha ba. Kafin damina ta faɗi, an haƙa rijiya a Fakku. Ni na fara kurɓar ruwanta, cikin waccan ƙwaryar.