Inci Biyu na Suwaita

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo Jos ban samu aiki ba, sai na shiga wani horo da ake ba matasa a Tudun Wada kan yadda ake tallata kaya ta waya. Da aka kammala, aka ce kowa ya nemi ƙaramar sana'a ya gwada abin da ya koya. Na zaɓi shagon kawuna, ƙanin mahaifiyata, tela a unguwar Rikkos. A lokacin ciniki ya ja baya, har yana maganar sayar da keken ɗinkinsa ya koma gona.

Ban yi masa alkawarin komai ba. Na dai ce wataƙila, in Allah ya yarda, a samu mutum ɗaya ko biyu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Mai digiri, kai ko sunanka aka tambaye ka sai ka ce wataƙila. Na ba ka wata guda. In shiru, keke ya tafi."

Na ɗauki hotunan kaftanansa a hasken safe na ɗora a intanet, tare da jerin awon da mai saye zai turo: wuya, kafaɗa, ƙirji, hannu, tsawo. Sati biyu babu ko sallama. Sai ga saƙon wani ango daga Sakkwato da awon mutum biyar, shi da abokansa. Na karanta lambobin sau uku, na kira shi ya maimaita, na kwafe a takarda biyu ko da ɗaya za ta ɓata. Kawu ya yanka ya ɗinka, ni kuma na kai kayan mota da kaina, na tsaya har ta tashi.

Bayan kwana biyu hoto ya shigo. Maza biyar a jere, riga na reto a jikin kowa. Saƙon muryar angon ya biyo baya: "Malam, mu ne muka rame, ko rigunan ne suka yi ƙiba a hanya?" Biki saura kwana takwas.

Ban yi shakkar cewa laifina ne ba. A cikin keke napep na yi ta duba takardun nan biyu, ban ga inda na kauce ba, wannan kuma ya ƙara tayar mini da hankali. Na isa shago na miƙa wa Kawu wayar.

"Awonka daidai ne," in ji shi. "Na dai ƙara inci biyu na suwaita."

"Wace suwaita, Kawu?"

"Wa yake sa kaftani ba suwaita a ciki? Tun ina koyo maigidana ya ce in ka ɗinka wa mutum riga cif-cif, ka haɗa shi da sanyi."

"Kawu, Sakkwato fa."

Ya ajiye almakashi. Sai ya fashe da dariya har ya zauna a kan tarin yadi. Maƙwabciyarsa, wata Bayarabiya mai sayar da zare da maɓalli, ta leƙo ta ji labari, ta ce, "Haba oga! Mutanen da ko singileti yana musu nauyi!" Ni ma na yi dariya, ko da yake ina jin tawa ta ɗan makara.

Na kira angon na faɗa masa gaskiya. Shi ma dariya ya yi, ya ce a gaishe da mutanen firji. Ya sako rigunan a mota, Kawu ya tsuke su a wuni ɗaya, suka koma saura kwana uku. Hoton biki da ya turo, kafaɗar kowa ta zauna. Biyu daga cikin abokan suka turo sabon awo a satin.

Daga nan na ƙara layi ɗaya a ƙasan jerin awon: da suwaita a ciki ko babu? Ba a koya mana wannan a horo ba, kuma ban ga yadda za a yi masu horon su sani ba.

Da wata ya cika ban tuna wa Kawu ba, don ina tsoron amsar. Shi ma bai ta da maganar ba. Ya dai miƙo mini wata kwalba, ya ce in na bi ta kasuwar Taminus in sayo masa man keke, babba, ba ƙarama ba.