Yadda na yi wa haƙoran 'yata kitso

Shekarun baya, lokacin 'yata ta fari tana ajin ƙarshe na firamare, aka sa mata wayar gyaran haƙora, wadda a nan Gadarif muke ce wa taƙwim. Haƙoranta na gaba sun hau juna, 'yan ajinsu sun sa ta gaba da tsokana, ita ta yi ta roƙo har aka sa.

Maigidana ɗan kasuwar riɗi ne, kuma mutum ne mai son sabon abu. Ran nan sai ga shi da buroshi mai caji, yana ta ƙugi a hannunsa. Ya ce, "Halas, wannan shi zai yi aikin da kansa." Na ce to, idan kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke fa? Ya ce ni dai ban san zamani ba. Gaskiyarsa kuwa, farkon kunna shi baya na ja, na zaci zai ja ni.

Yarinya ta ɗauki maganar ubanta. Kullum sai ta zagaya baki da buroshin sau ɗaya ta ajiye. Ran da babu wuta ya mutu, sai ta kurkure baki kawai. Ga riɗi kullum a gida, shi kuwa ba ramin da ba ya shiga.

Da muka koma asibiti, likita ya duba ya ɓata rai. Dasashi ya kumbura, ana taɓawa jini. Ya ce, "Ya Hajja, in kuka dawo haka wata mai zuwa, cire wayar zan yi. Gara karkataccen haƙori da ruɓaɓɓe." Tun daga nan har gida kuka take a cikin raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ni sana'ata kitso. Abin da na iya ke nan, bin layi ɗaya bayan ɗaya ba tare da na tsallake ba. Na sayo buroshin hannu mai laushi da ɗan siririn nan mai shiga ƙarƙashin waya. Bayan kowane cin abinci sai in shimfiɗa tabarma, in ɗora kanta a cinyata, in bi haƙori ɗai-ɗai, sama da ƙasan ƙarfen. Tana ta mita, "Inna, ni fa ba jaririya ba ce." In ce buɗe baki dai. Bayan mako biyu na miƙa mata madubi, ta ci gaba da kanta ina kallo.

Ranar komawa maigida ya rufe rumfa ya bi mu. Likita ya daɗe yana dubawa. Can ya ɗago ya ce, "Tamam. Waya ta zauna."

Maigida ya gyara rawani ya ce, "Ka ga aikin injin nan ko, diktor?"

Yarinya ta ce, "Baba, ai tun ran nan yana kan taga, ko caji ban yi masa ba."

Likita ya yi dariya, ya ce kowanne na aiki in aka bi a hankali. A hanya na ce wa mai raksha ya bi ta kasuwa, yau kaza za a ci.

Yanzu ta girma, haƙora sun jeru ras. Duk sanda ta yi dariya a cikin mutane, sai in ji wani daɗi ya cika ni. Na yi wa amare da yawa kitso a garin nan, duk sun warware, wannan ne kaɗai har yau bai kwance ba.